Sai Kin Fasa Zan Sauko

"...ya gajiyar mota? Wai wa ma ya nuna maka hanyar gidan nan?"

"Gajiya ta bi lafiya. Au, gida ne? Ni na ɗauka kango aka ba ki gadi."

Nas, kamar yadda ake kiranta saboda aikin jinya, ta kauce daga bakin ƙofa, kakanta ya shige da sandarsa, bai jira an ce bismilla ba. Shekararsa tamanin da ɗaya, hamsin daga ciki a kan rufin gidajen mutane ya yi su yana aikin kafinta. Ya tsaya tsakiyar falo ya ƙirga bokitai huɗu da roba ɗaya da aka jera a ƙasa, sannan ya ɗaga kai ya dubi inda silin ya ɓalle ya bar rami.

Wata biyu ke nan da ta sayi gidan, ɗaki biyu da falo. Ajiyar shekara tara ta zuba, ta cike da rancen ƙungiyar ma'aikatan asibitinsu, wanda ake yanka daga albashinta duk wata. Ruwan farko da aka yi ya nuna mata abin da sabon fenti ya ɓoye. Ta je banki, aka ce wanda ake yanke wa rabin albashi ba a ƙara masa. Mai gidan da take haya ya ba ta kwana tara ta kwashe kayanta. Shi kuwa ɗan kwangila ya leƙa sau ɗaya ya ce sai an yaye rufin gaba ɗaya, ya kuma haɗa ta da wani mai ba da rance: ta ajiye takardun gida, in ta saɓa biya sau uku gida ya zama nasa. Yau ƙarfe sha biyu za ta sa hannu. Takardun suna cikin jakar da ke kafaɗarta.

"Surukata ce ta gaya mini," in ji tsohon, yana nufin mahaifiyarta, 'yarsa ta fari. "Ta ce matata za ta kai gidana jingina ban sani ba."

"Gidanka? Ko ƙusa ɗaya ka saya?"

"Abin mata ai na miji ne. Miƙo jakar nan."

"Mijin da haƙoransa ke kwana a kofi ba ya taɓa mini jaka."

"Haƙoran da ke kwana a kofi sun fi rufin nan naki riƙe ruwa."

Ba ta yi dariya ba. Ta duba agogon wayarta. Sha ɗaya da kwata.

"Kaka, don Allah yau ban da wasa. Sauri nake yi."

"Ni ma ba wasa ya kawo ni ba, amarya. Tsanin wa ke nan?"

"Na ɗan kwangila. Kada ka soma."

Kafin ta rufe baki ya jingine sanda, ya tuɓe takalma, ya jawo tsanin ƙarƙashin ramin. Ita ce take auna masa jini duk mako, ita ce ta san abin da likita ya ce game da gwiwarsa ta hagu. Ta sha gabansa, ya zagaye ta kamar ba mutum ba, ya taka matakin farko. Ba yadda ta iya, ta rungume ƙafafun tsanin da hannu biyu.

"Wallahi in ka faɗo ba zan ɗauke ka ba. A nan zan ja maka tabarma."

"Kin samu abin da kike nema, ki yi takaba a sabon gida."

"Wa zai yi wa kwarangwal takaba? Sauko!"

"Riƙe da kyau. Hannun allura kawai gare ki."

Mataki shida ya hau, yana hutawa a kowanne. Kansa da kafaɗunsa suka shige cikin ramin, sai ƙafafunsa kawai take gani, sirara, ga jijiyoyi sun fito. Ƙura ta zubo mata a ka. Ta ji yana ƙwanƙwasa katako da ɗan yatsa, ya matsa, ya sake ƙwanƙwasawa. Daga nan shiru.

"Kaka?"

Shiru.

"Kaka! Ka yi magana mana!"

"Ashe kina so na." Muryarsa ta fito kamar daga cikin tulu. "Wannan ɗan kwangilar naki, ya hau nan?"

"Daga ƙasa ya haska da waya."

"Daga ƙasa. To ni na hau. Katako uku ne suka ruɓe, sauran lafiyarsu lau, sun fi ki ƙwari. Kwanon ma ba abin da ya same shi."

"To ruwan daga ina? Aljanu ke zubo shi?"

"Wanda ya yi rufin nan, Allah ya shirye shi, a kwarin kwano ya buga ƙusa. Ba a buga ta sai a doro, inda ruwa ba ya tsayawa. Shi kuwa ya bi hanyar ruwa layi-layi ya huda. Ga haske nan yana shigowa kamar rariya. A zare su, a toshe, a buga ƙusa mai hula a doro, a canja katako uku. Aikin kwana biyu."

Nas ta gyara riƙon tsanin. Tana so ta yarda, tana kuma tuna cewa mutumin nan bara ya rantse rediyonsa ya lalace, ashe batir ya sa a juye.

"Idonka da ba ya gane jikokinsa sai sun yi magana, shi zai ga ƙusa?"

"Jikokin ne ba abin kallo ba. Ƙusa kuwa ko a kabari aka buga ta a karkace sai na tashi na gyara."

"In ka yi kuskure fa? Kwana tara gare ni. In aka sake ruwa silin ɗin ɗaki ya rufto, ina zan sa kaina? Kai za ka ba ni ɗaki?"

"Ɗakina ai naki ne, ke ce kika yi yaji."

"Kaka!"

"In na yi kuskure kin yi asarar kwana biyu. In kika sa hannu kika yi kuskure, me za ki yi asara?"

Wayar ta soma ruri a aljihun rigarta. Ta san ɗan kwangilar ne. Ta saki hannu ɗaya za ta ɗauka, tsanin ya ɗan motsa, ta yi maza ta mayar da hannun.

"Shi ne?"

"Shi ne. Sauko in tafi, in na dawo ma yi magana."

"Ba inda za ni."

"Ban gane ba."

"Nan zan zauna. Iska ma ta fi daɗi a sama. Ki je ki sa hannunki, ki sake tsanin."

"Ka san ba zan iya saki ba!"

"To kin ga ke nan."

Wayar ta katse, ta sake soma ruri. Ta ɗaga kai ta ga ƙafarsa ta hagu tana rawa a kan matakin, rawar da ba da gangan ake yin ta ba.

"Tsohon nan, kashe ni kake so ka yi? Me zan gaya wa Mama in ka faɗo?"

"Ki ce kin zaɓi ɗan kwangila a kan mijinki."

"Wa ma zai yi aikin? Kai? Da wace gwiwar?"

"Akwai mutum biyu da na koya wa riƙe guduma, yanzu duk da furfurarsu. In na ce su zo gobe, da asuba za ki gan su. Ƙusa da katako uku, albashinki ba zai kasa ba, sai dai in kwalliya kike cinye shi. Kuma ban ga alama ba."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin. Kira shi."

Ta tokare tsanin da kafaɗa da gwiwa, ta zaro wayar da hannu ɗaya. Ta ce wa mutumin ba za ta samu zuwa ba. Ya tambayi ko gobe. Ta dubi ƙafafun da ke bisa kanta, ta ce a'a, ta fasa gaba ɗaya. Ya soma faɗa, yana cewa ya riga ya tara ma'aikata, za ta neme shi da kanta ranar da ruwa ya kore ta. Ta kashe wayar yana cikin magana.

Ta mayar da wayar aljihu. Ta ɗaga kai ta dubi ramin.

"Shi ke nan, ka ci. Na fasa. In gidan nan ya rufto, a kanka. Sauko."

Ƙafafun ba su motsa ba.

"Na ce na fasa! Ko sai na rubuta maka?"

"Amarya."

"Mene ne kuma?"

"Yi magana a hankali, kada maƙwabta su ji." Ya yi gyaran murya. "Tun ina mataki na biyar gwiwar nan ta riƙe. Ko da kin ce za ki sa hannu sau goma, ba ni da hanyar saukowa."

Sai ta ji tsanin yana girgiza, ta ƙanƙame shi a firgice, kafin ta gane dariya yake yi a cikin silin, har da tari.

"Daina! Daina dariyar nan, za ka kayar da mu!" Ita ma ta kasa riƙe tata, ga hawaye yana bin ƙurar da ke fuskarta. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta taka mataki biyu, ta kama diddigensa na hagu da tafin hannu. "Sako mini nauyinka. A hankali. Ɗaya."

"Kada ki gaya wa surukata."

"Har hoto zan kai mata. Biyu."