Ranar da Sha'aibu Ya Sa Taubashiyarsa a Kasuwa

"Lafiya lau, sai gajiyar kasuwa. Ya mutanen Ɗanzomo? Ya Kawu da ƙafa?"

Sha'aibu yana gaisuwar yana laluben takalminsa da yatsan ƙafa, don tun daga yadda Rahamatu ta diro daga acaɓa ko mayafi ba ta gyara ba, ya san ba zumunci ne ya kawo ta Gumel ba.

Shi dai Sha'aibu dillalin dabbobi ne a karar Maigatari, kuma tun da ya iya ba manhajar AI umarni a waya ya hana 'yan kara sakat da taƙama. Ya ƙera wani umarni guda da yake kira ƙwarangwal, ya bar masa gurbi uku: suna, shekaru, gari. Duk dabbar da ta zo hannunsa sai ya cike guraben, talla ta fito tsaf, ya watsa. Rahamatu kuwa 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma da yake shi ɗan mace ne, tun tana yarinya take kiransa bawa. Gobe za a zaɓi shugabar ƙungiyar mata masu sana'ar riɗi a Ɗanzomo, tana takara, shi ne ta ce ya sa AI ya rubuta mata saƙon neman ƙuri'a.

"Kawunka lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Ni ce dai aka kai kara. Bawa, nawa aka taya ni?"

"Wa zai taya ki? Ke da ko kyauta aka bayar sai an haɗa da buhun haƙuri."

"Au, ba ka ma san abin da ka aika ba? Buɗe kunnuwan nan naka masu kama da faifai." Ta zaro waya ta karanta da ƙarfi, har mai shayin gefe ya rage rediyo. "Jama'a, ga Rahamatu 'yar Ɗanzomo ta shigo kasuwa! Haƙora cif, babu giɓi. Ƙiba ta gaskiya, ba kumburin ruwa ba. Ba ta tari, ba ta tsallake danga. Shekara arba'in, amma da sauranta. A zo a taɓa a gani, ciniki a buɗe yake."

Sha'aibu ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Sai yanzu ya tuna: jiya yana tsakiyar loda raguna a mota, wani ɗan Damagaram yana ja masa riga, ya buɗe ƙwarangwal ɗin dabbobi ya cusa sunanta, ya tura ko kallo bai yi ba. Kunya ta kama shi sosai, amma taubashi ba ya faɗuwa a zagayen farko.

"To ina ƙaryar a ciki? Kina tari?"

"Ba na yi."

"Kin taɓa tsallake danga?"

"Sau ɗaya, ranar da ka saki karen Gwaggo a kaina."

"Kin gani! Ni da na yi shekaru ina tallar dabbobi ban taɓa samun wadda yabon ya zauna mata daram haka ba. Ko ni aka rubuta wa, ai a haƙoran za a kama ƙaryar." Ya wangale baki ya nuna giɓin da wani ɗan maraƙi ya yi masa.

"Rufe mana wannan kangon. Kai da kake cewa kai ne malamin AI na ƙasar Gumel kaf?"

"Ni na ba kaina sarautar, ba wanda ya naɗa ni. Ita na'urar ba ta da laifi. A saman ƙwarangwal ɗin na kafa mata cewa ita ƙwararren dillali ce, ta yabi haƙori da ƙiba da ƙafa. Gurbi uku kawai na bari. Ko limamin gari na sa mata, sai ta duba masa kofato."

"Wato duk basirarka ba ta kai ka bar gurbin da za a ce mutum ne ko tunkiya ba?"

"Da waye zan gwada? Ni duk mu'amalata da masu ƙafa huɗu ce, sai ke. Amma tsaya, uwar ɗakina. Ni ke kaɗai na tura wa. Wa ya kai shi zauren matan ƙungiyar na waya?"

Rahamatu ta ɗan kau da kai. "Ina cikin sheƙar riɗi ya shigo. Na ga dogon rubutu da sunana a sama, na ce kai, bawana ya yi abin kai. Na tura. Har da ƙara 'a taimaka a yaɗa' a ƙasa."

Dariya ta kusa kayar da Sha'aibu daga benci. "Ashe dabbar da kanta ta kai kanta kara!"

"Yi dariyarka." Muryarta ta sauka, wasan ya ɗan janye. "Asama'u da muke takara tun safe take bin gidaje tana cewa wadda ba ta karanta abin da ta tura ba, ita za ta karanta takardar 'yan kamfani in sun zo sayen riɗi? Kuma wallahi ta fi ni gaskiya. Shekara nawa ina haɗa kan matan nan, Sha'aibu."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Abin ya taɓa shi.

"Bari in ƙera sabon ƙwarangwal yanzu, na mutane. Gurbin wanda ake magana a kansa, gurbin waɗanda za su karanta, gurbin abin da ake nema. In rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: kada a taɓa zancen haƙora."

"Ƙera, zai yi maka amfani ran sunan jikanka. Amma ni ba zai wanke ni ba. Abu ɗaya ne zai wanke ni: matan su san wasan taubasai ne. Ka ja ni, na rama. Wa ke jin haushin wannan?"

"To sai ki gaya musu."

"Baki ba ya isa. Buɗe na dabbobin. Sa sunanka."

"Haba uwar ɗakina! Ina da surukai a Ɗanzomo!"

"Su suka fi cancanta su san abin da suka saya. Shekaru?"

"Arba'in da biyar."

"Ka dai ji tsoron Allah."

"Hamsin da ɗoriya," ya faɗa a hankali, yana dannawa kamar mai sa hannu a wuta. Ya ƙara da kansa cewa akwai giɓi, don kada a ce dillali ya ɓoye aibi.

Talla ta fito, ya karanta da bakinsa: "Ga Sha'aibu ɗan Gumel, tsohon rago mai kwarjini! Giɓi ɗaya ne, bai hana shi tuƙa ba. Ba ya tunkuyi sai kuka. Ya dace da mai haƙurin kiwo."

Ya tura wa Rahamatu, ita kuma ta tura zauren, ta rubuta a ƙasa: "Jiya bawana ya sa ni a kasuwa, yau na sa shi."

Ba a jima ba waya ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wata ta taya shi da kwanon riɗi, wata ta ce ta rage rabi saboda giɓin. Hajiya Tayyiba, babbar ƙungiyar, ta aiko murya tana dariya har da tari, ta ce macen da ta iya ɗaure dillali ta kai shi kara, 'yan kamfani ba za su gagare ta ba. Rahamatu ta sauke ajiyar zuciya.

Sai ga wani saƙo. Ta karanta, ta dafe ciki don dariya, ta miƙa masa wayar. Jannatu ce, matarsa, wadda ya manta sam tana cikin zauren.

"An sallama wa mai kwanon riɗi. A zo a ɗauka kafin azahar, igiyar kyauta ce."

Sha'aibu ya yi dariya har hula ta faɗi. "Na sallama ni ma. Kin ci, ranki ya daɗe."

Ta kwance bakin mayafi ta ajiye masa ƙullin kantu a cinya.

"Ungo, ka ɗan yi ƙiba kafin masu kai su iso."