Rikodata a Gefen Murhun Banda

Mai gyaran rediyo a kasuwar Hadejia ya ce 'yar ƙaramar rikodata ba za ta sake magana ba, domin batir ya tsiyaye a cikinta, tsatsa ta ci ƙarfen. Kaset ɗin jawabina na ranar ritaya kuwa, wanda babu kwafinsa, yana maƙale a ciki. Ni da na shekara talatin ina koyar da kimiyya, ban ga dalilin sauraronsa ba.

Na kankare tsatsar da tsinke, na goge da ruwan lemon tsami, ƙarfen ya yi tsaf. Saura bushewa. Damina ce, babu rana, sai na ɗora ta a gefen murhun da uwargida take bandar kifin Guri.

"Malam, wutar nan fa da ƙarfi," in ji ta.

"Hajiya, na san abin da nake yi."

Da na dawo daga sallar La'asar, rikodar ta narke, jawabin ya nannaɗe a cikinta.

Har yau a majalisar hira ana tambayata ko da yaji ake cin bandar rikoda. Ina so dai a rubuta cewa tsatsar ta fita sarai, a Larabar farko ta watan Agusta, shekara guda bayan ritayata.