Inna Ta Ƙi Tafiya Makka Sai Ta Biya Bashin Ƙasa Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Auna Basussukan Ƙasashe, mai sikelin da ba ya hutu, Allah ya ƙara maka sifili a bayan lamba.

Bayan gaisuwa da fatan alƙalumanku na ci gaba da hauhawa lafiya, ni ne Yakubu, manomi a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Maganar mahaifiyata ce, Inna Ruƙayya, ta sa na dame ka.

Kakanta ya taso daga Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya nan bakin kogi ya ɗan huta. Har yau hutun muke yi. Bana na sayar da shanun nomana, na haɗa mata guzuri don ta ƙarasa masa tafiyar. Sai surukina Khalid, mai shago a birnin Sinnar da ke kusa da mu, ya nuna mata zanenku a waya: layi biyu, bashin Sudan da na Najeriya, shekara bayan shekara, har da kason da ya faɗa kan kowane ɗan ƙasa. Nan take Inna ta kwance jakarta. Ta ce maniyyaci ba ya tashi da haƙƙin mutane a wuyansa. Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Wane layi ne nata? A Sinnar ana ce mana 'yan Najeriya, dangin Sakkwato kuma 'yan Sudan suke kiranmu. Ranar rabon taki ba mai saninmu, amma wajen raba bashi bisa kawuna na yaba da adalcinku, ba ku tsallake kan kowa ba. Don gudun shubuha Inna ta ɗauki duka biyun.

Na biyu. Ta ga layin Najeriya ya taɓa gangarowa, aka ce mata yafewa aka yi, sannan ya sake miƙewa sama. Na Sudan kuwa an yi masa alkawarin yafiya, sai aka shiga wata sabgar. Ashe ana yafe wa mutum bai sani ba, a kuma sake ciyowa da sunansa bai sani ba? Inna dangwale take yi, kuma ta rantse ba ta taɓa ba gwamnati aron yatsanta ba.

Na uku. Tun da har yanzu matafiya ne mu, ba za a yi mana ƙasaru ba? Matafiyi raka'a biyu yake yi a maimakon huɗu. Ko bashi ya fi salla tsanani ne?

Na huɗu. Me aka saya? Idan magudanar da ke shayar da gonarmu ce, laka ta riga ta cinye ta, ku zo ku ɗauki abarku.

Na biyar. Wa za ta ba? Ta ware akuyarta da tsabar kuɗin da ke bakin zanenta. Khalid ya ce masu bin bashin wani kulob ne a Turai. Inna ba ta zuwa kulob, kuma ba da tsufanta za ta fara ba.

Ranka ya daɗe, tsoro nake ji. Gwiwoyinta sun fara ƙin ta, layukanku kuwa ko haki ba sa yi. Abin da nake roƙo takarda ce mai layi ɗaya, da hatimi ko na dankali ne, a ce an sallame ta.

Idan aiki ya yi muku yawa har amsar ta makara, to ku taimaka ku turo wakili ranar jana'izarta. Liman zai tambaya ko akwai mai binta bashi. Ta riga ta yi mini wasiyya kada in ce babu.

Naka mai biyayya, durƙushe gaban sikelinka,
Yakubu ɗan Ruƙayya,
Mai Wurno.