Ranar da Na Kama Ɓarawon Asusun Rodel

A sakan ɗin kamfaninmu, wato gidan kwanan ma'aikata, ni ne gwanin waya, kuma ni na naɗa kaina. Rannan Rodel, ɗan Filifin ɗin da muke ɗaki ɗaya, ya bar mini wayarsa ya shiga wanka. Ya daɗe yana kiwon asusunsa na wasan yaƙi na waya kamar ragon layya, in ya yi ƙiba ya sayar.

Sai ga saƙo wai wani ya shiga asusun daga Filifin. Na ce yau ɓarawo ya gamu da ɗan Fagge. Na fatattake shi, na canja lambar sirri, na kai ƙara wurin masu wasan, suka rufe asusun ruf. Na harɗe ƙafa ina jiran godiya.

Rodel ya fito, ya duba, ya zauna a ƙasa da tawul ɗinsa.

"Sadik," ya ce a hankali, "matata ce. Ita ke ƙara masa daraja, ni ban iya ba."

Da kyar da jiɓin goshi aka buɗe asusun. Rodel ya yafe. Ita kuwa har yau in sun yi waya sai ta ce, "Ɗan sandan yana kusa, ko in shigo?"