Yadda Za Ka Rufe Bakin Surukinka da Kalmar Furojek

Kai da ka sayi littafin koyon Turanci, wata shida kana haddace sunan tebur da kujera, rufe shi. Wa ka taɓa gani an girmama don ya san sunan kujera? Kalma ɗaya tak zan ba ka: furojek. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai sake tambayarka aikin me kake yi.

1. San ma'anarta

Littafi zai ce maka furojek aiki ne da aka tsara, mai farko da ƙarshe. Wanda ya rubuta haka bai taɓa zaman banza ba. A bakin mutane ma'anarta uku ce: aikin da ba a fara ba, aikin da ba za a gama ba, da aikin da babu shi. Ta ukun ce taka.

2. Faɗe ta a gajiye

Ɗan koyo ne ke faɗinta da fara'a. Sauke numfashi, murza ido, duba agogo ko da ya tsaya, sannan ka ce, "Ina kan wani furojek." Kullum kana kansa kamar kaza a kan ƙwai, amma kada ka kuskura ya ƙyanƙyashe.

3. Nemi kayan aiki

Fayil ɗaya, biro biyu a aljihu. Dubi maƙwabcina da ake kira Injiniya, wanda rabonsa da aiki tun da aka rufe kamfanin robobi. Shekara biyu yana fita ƙarfe takwas, ya wuni a bencin mai wankin mota, ya dawo yana dafe da ƙugu. Har ruwan zafi matarsa ke ɗora masa, baiwar Allah.

4. Kada ka ba shi adireshi

Nan Injiniya ya kashe kansa. Surukinsa, tsohon magini, ya zo ya zauna a falo, ya ƙi shan ruwa.

"Yau zan ga furojek ɗin nan da idona, ko in tafi da 'yata. Keken ɗinkinta ke ciyar da gidan nan, kana tsammani ban sani ba?"

"Baba, ai Turawan da nake wa aikin ba sa son a riƙa kai baƙi..."

"Turawan ne suka ba ka aurenta?"

Matar na tsaye a ƙofar kicin da mayafi a hannu. Injiniya ya dubi mayafin. Sai ya tuna wani gini a bayan tasha da bai taɓa ganin kowa a ciki ba, ya ce, "Mu je, Baba."

5. San sana'ar surukinka

Da tela ne ko mahauci, da ya ɗaga kai ya ce Allah ya sa albarka, an wuce wurin. Magini kuwa ba ya kallon bango da ido biyu. Tsoho ya rufe ɗaya, ya karkata kai, ya zaro igiyar awo daga aljihu ya saki.

"Wane makahon ne ya ɗora wannan bulo?"

"Yara ne, Baba, zan yi musu magana."

"Magana? Sunanka ne a kai! Ina raye ba za a ce mijin 'yata ya yi bango mai tumbi ba."

Ya tuɓe riga ya miƙa wa Injiniya, ya tsinci guntun ƙarfe a ƙasa. Layi huɗu na bulo ya sauke kafin maƙwabta su kira mai ginin, wani ƙaton direban tirela.

"Uban wa ya aiko ku?"

Tsoho ko juyowa bai yi ba. "Rage murya, malam. Ga mai furojek nan tsaye."

6. Kada ka bari ya zama gaskiya

An sasanta: tsoho zai sake ɗora bangon, Injiniya ne lebura. Matar tana gidan ubanta, an ce sai bango ya kai linta, wato saman ƙofa, za a yi zancen komawa. Jiya na gan shi da kwanon siminti a ka, tsoho na sama yana ihu, "Injiniya, kwaɓin nan ya yi ruwa!"

Ni dai kalma na koyar, ban aiki kowa bayan tasha ba. Duk wanda matarsa ta tafi, ko bayansa ya riƙe, ko ya wayi gari da aikin yi, kada ya zo ƙofata.