Ranar da Taraktar Kawu Ta Ƙi Mutuwa a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je noman surukai a Wurogauri ba, ko da na so in manta ma mutanen garin ba za su bari ba.

A shekarun casa'in ne, ina karatun kanikanci a Birnin Kebbi, ina ji da kaina. Ina neman auren Kulu, mahaifinta kuma (Baba nake ce masa har yau) ya ce shi ba ya ba da ɗiyarsa sai ya ga noman mutum. Al'adarsu ce, mai neman aure ya tara gayya ya zo ya nome gonar suruki. Matsalar ita ce ni tashin birni ne, abokaina duk irina ne, a cikinmu babu wanda zai yi awa ɗaya a duƙe bai nemi asibiti ba. Ga wani ɗan garin shi ma yana son Kulu, an ce shi kaɗai yana tashin gona a wuni.

Sai na tuna Kawu Sani a Gwandu yana da 'yar ƙaramar tarakta. Ƙarama fa sosai, in ta shiga laka sai an roƙe ta. Gonar Baba kuwa fadama ce mai nauyin ƙasa. A makaranta an koya mana cewa in ka sa wa inji turbo, wato abin da ke cusa masa iska da ƙarfi, ƙarfinsa zai ƙaru. (Darasin nan na halarci rabinsa ne kawai.) Na je Sakkwato wajen masu kayan tsofaffin motoci na samo turbo na wata a-kori-kura da ta mutu, na kai wa wani mai walda a Gwandu muka kwana uku muna yanka bututu muna liƙawa. Mai waldan ya juya abin a hannunsa ya ce yana ganin kamar yana yoyon baƙin mai ta ciki. Na ce masa shi dai ya yi walda, lissafin injin nawa ne. Kawu kuwa na gaya masa gyaran salansa nake yi.

Da muka tayar da taraktar sai ta yi wani fito, fiiiii, kamar babbar mota. Wallahi har tsigar jikina ta tashi don daɗi.

Ranar gayya na kama hanya tun bayan sallar asuba, da tabarau da hular hana-sallah. Hayaƙi shuɗi na bina a baya, ni kuwa na ɗauka alamar ƙarfi ce. Da hantsi na isa. Gari ya fito kallo, har makiyayan da ke gefen fadama suka tsaya da shanunsu. Baba ya zagaya taraktar sau ɗaya, ya duba bututun da muka liƙa, ya ce, "Wanga abu kai ka sa shi?" Na ce ni ne da hannuna. Ya gyaɗa kai kawai.

Layi biyar na farko, ai sai wanda ya gani. Ƙasa na kifewa, fito na tashi, ina tuƙi da hannu ɗaya. Daidai lokacin mata suka ɓullo da abinci a kai, na hango Kulu a cikinsu. Sai na taka totur har ƙasa.

Injin ya ɗauka. Na ɗaga ƙafa, bai sauka ba. Ƙara sai hawa take yi, farin hayaƙi ya rufe ni har ban ga garmar ba. Na cire giya, na murɗa makulli, na zare shi gaba ɗaya. Ga makulli a hannuna, ga tarakta tana ihu kamar za ta tsage. (Daga baya na gane baƙin man da turbo ke zubarwa take sha, ba ruwanta da makulli. Wannan yana cikin rabin darasin da ban je ba.)

Me na yi? Ni injiniya guda? Na diro na zura da gudu. Na wuce maza, na wuce mata, na faɗa wani kwalbatin ruwa a bakin gona na kwanta rub da ciki, na rufe kai da hannuwa ina jiran fashewa.

Abin da ya faru bayana labari aka ba ni. Baba, wanda ashe ya shekara goma yana riƙe da injin niƙa, ya karɓi akushin tuwo daga kan Kulu, ya juye tuwon a ƙasa, ya shiga cikin hayaƙin ya fizge bututun da muka liƙa, ya kifa akushin a bakin da injin ke shaƙar iska. Taraktar ta yi tari biyu ta mutu. Tuwon nan nawa ne, Kulu ta tuƙa shi da kanta da miyar kifi.

Ni dai na ji shiru. Na ɗago kai a hankali, sai na ga ƙafafu. Na bi su da kallo har sama: mahaifiyar Kulu ce, matar da ko a hanya na hango ta sai in sake lungu don kunya. Tana tsaye da ƙwaryar fura a kai, ta ce, "Tashi ɗana, ta mutu. Ba ka ji ciwo ba dai?"

Da ƙasa ta buɗe a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Na dawo jiƙe da laka, tabarau ido ɗaya, makulli har yanzu a hannuna. Dariya kuwa har da masu zama a ƙasa. Baba bai yi ba. Ya miƙo min garmar hannu ya ce ga sauran gona nan. Na so in gudu gida, amma na duƙa. Kafin la'asar tafin hannuna ya kumbura ya fashe, layina ya karkace kamar hanyar maciji, sai samarin garin suka gaji da dariya suka shigo suka kama min, har da abokin takarata. Shanu biyu ne suka ja taraktar zuwa bakin titi.

Bayan sati Baba ya aika wa Kawu cewa a turo magabata. Wai yaron ya gudu, gaskiya ne, amma ya dawo, kuma ya wuni a duƙe ana masa dariya bai yi fushi ba, irin wannan zai iya zama da mutane. Kawu ya karɓi saƙon da murna, sannan ya sa ni na kwance turbo da hannun nan nawa mai ciwo, yana zaune a kan benci yana kallo.

Tun daga ranar, ko injin markaɗe aka kawo min in ƙara masa ƙarfi, tambayar farko da nake yi ita ce ta ina ake kashe shi.