Aiken Durnaz a Ƙarƙashin Teku

"Lafiya lau, sai dai na tarar amaryata ta ƙara tsufa," in ji Shaihak, yana cire takalmi a ƙofar kakarsa Durnaz, a bakin tekun Pasni. Wata uku ya yi a jirgin masu bincike, suna bin yadda sauti ke tafiya a ƙarƙashin ruwa.

Ta ce ita ba ta ga ango ba, busasshen kifi ta gani da tabarau. Sannan ta rage murya. "Aikena fa?"

Kafin ya tafi ta sa ya ɗauki muryarta a waya, saƙo ga Dostin, mijinta da teku ya tafi da shi shekara talatin da ɗaya ke nan, ba a ga ko katakon jirginsa ba.

"Ko kunya babu, ki aiki ango wajen tsohon miji?"

"Shi ko a ƙasan teku ya fi ka kyan gani. Ka kai, ko ka cinye a hanya?"

Ya ce ya kai. Da hantsi, ruwa kwance luf, suka zura lasifika can ƙasa ya saki muryar. Sai dai sauti ba ya bin hanya ɗaya a teku. Ruwan ɗumi ya tanƙwara shi ƙasa, zurfi ya maido shi sama, ya rabu goma, ya rabu ɗari. Muryoyi biyu su tashi kafaɗa da kafaɗa, bayan mil dubu, ɗaya na gabas, ɗaya na kudu.

Durnaz ta tsura wa ruwan ido.

"Wato yanzu ni ɗari ce a ciki, ina ta yawo."

"Kaiton kifaye. Mu ɗaya ma ta ishe mu."

Ta tambaye shi wace a cikinsu ta isa. Ya ce ko malamansa ba su iya lissafin ba.

"Karatun banza. Amma mai gidan ma haka yake, in ya ce gabas, a kudu za a gan shi. Wata za ta ci karo da shi."

"Allah ya sa kar ta ci. Na saurara fa. Na zaci kalaman soyayya ne, ashe faɗa kike yi masa ya tafi da butar shayinki."

Ta fashe da dariya har ta share ido da gefen mayafi.

"Sabuwa ce fil, ja'iri. Shigo ka ci dabino, yau ka biya sadakinka."